Ƙafar da Ta Danne Totur ɗin Gwadabe

Aiken ba wani babban aike ba ne. Wata Laraba bayan la'asar, Lauratu ta ce wa mijinta Gwadabe ya mai da mahaifiyarta gida Jabal Awliya, tunda tsohuwa ta cika kwana ukun da ta zo yi musu a unguwar Alsahafa, cikin Khartoum. Gwadabe ya ce to. Amma da za a ba shi zaɓi, da ya gwammace ya sauke tirelar siminti shi kaɗai. Ba wai Hajja Kubra mafaɗaciya ba ce. Kunya ce kawai. Shekara goma sha ɗaya yana auren 'yarta, maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, shi kansa a ƙasa, ita fuskarta a bango. Ko sunansa ba ta kamawa, Abu Iman take ce masa, da sunan 'yarsa ta fari.

Motar kuwa tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda mutanen Khartoum ke kira boksi, ta girmi auren nasa nesa ba kusa ba. Ƙofar direba ta mutu tun wani karo da aka yi da ita a gadar Omdurman, sai ta ɗaya ƙofar ake shiga. Ita ma ɗayar daga waje kaɗai take buɗuwa, sai an zura hannu ta taga. Gwadabe yana ce mata Amarya. Makwabta suna ce mata abin da ba ya rubutuwa.

Ya shiga ya zarce kujerarsa, Hajja Kubra ta shigo ta takure a jikin ƙofa, butar alwalarta a cinya, ta ja mayafinta ya zama katanga a tsakaninsu. Suka kama hanyar kudu.

Sun bar gidaje a baya, rana ta yi ja tana shirin faɗawa kogi ta hannun damansu, sai Amarya ta fara huci. Tururi ya taso ta bakin bonet. Gwadabe ya gangara gefen titi, daidai wata tsohuwar matoyar jan bulo da aka daina aiki a cikinta, toka jibge har gwiwa. Ya nemi gafara, tsohuwa ta buɗe ƙofa ta matsa, ya fita a sunkuye kamar ɓarawo.

To, ko yaron goye a gidan Bahaushe ya san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa da almuru sai da bisimilla, balle a kan toka. Kakannin Gwadabe sun taho da wannan sani tun daga Katsina a ƙafa, suka yi noman auduga da shi a yankin Jazira, suka shigo da shi birni. Shi ma ya sani. Sai dai hankalinsa duk yana kan surukarsa da ya bari a zaune, yana jin kamar idonta na huda bonet. Ya sa tsumma ya kwance bututun ƙasan lagireto, bakinsa a rufe. Tafasasshen ruwa ya kwarara cikin tokar.

Tokar ta yi cuuu.

A ƙarƙashin wannan ƙarar kuma ya ji wata 'yar ƙara siririya, kamar an taka wutsiyar ɗan kyanwa. Ya waiga. Ba kyanwa, ba kowa. Ya ɗaure bututu, ya cika lagireto da ruwan jarka kaf, ya koma ya ta da mota.

Daga wani ƙauye can nesa aka fara kiran sallar magariba.

Ya sa giya ta huɗu, ya ɗaga ƙafa kaɗan don ya kauce wa wani rami. Totur bai biyo ƙafar ba. Yana nan kwance a ƙasa, inji na ta ƙara murya.

Gwadabe bai tsorata ba tukuna. Tsohon direba ne, wannan ba shi ne karon farko da totur ya maƙale masa ba. Ko tabarmar ƙasa ce ta hau kai, ko wayar ce ta yi tsatsa. Ya zare silifas, ya sa babban yatsa a ƙarƙashin totur ya ɗago, kamar yadda ya saba. Sai ya ji nauyi. Nauyin ƙafar mutum, a kan totur ɗin. Yatsansa ya gogi wani abu mai laushi, mai zafi, jiƙe sharkaf.

Ya janye ƙafa da sauri.

Wari ya cika motar. Warin kazar da aka tsoma a ruwan zafi za a fige.

Ya taka kuloci don ya mai da giya firi. Kuloci ya tafi ƙasa salalam, kamar ya taka lagwani. Ya ja sandar giya da hannu biyu, ta ƙi motsi. Ya danne birki ya riƙe, bai saki ba, har ƙaurin roba ya taso. Motar ta yi kamar za ta saurara, sannan ta fizge. Ya murɗa makulli baya don ya kashe inji. Makullin ya zaro ya biyo hannunsa, inji kuwa ko tari bai yi ba.

Allurar gudu, wadda ta shekara shida a kwance, ta miƙe tana rawa a kan ɗari.

Bishiyoyi suna wucewa fuu, fuu. Wata bas ta taho, ya kauce da ƙyar, ya ji zagin kwandasta ya zo ya wuce. Ƙofarsa matacciya. Tagarsa rabi take sauka. A ɗaya gefen kuma surukarsa ce, shekara saba'in, da ciwon gwiwa.

"Abu Iman."

Muryarta ƙasa-ƙasa, daga bayan mayafi.

"Na'am, Inna."

"Ruwan nan da ka zubar. Ka yi bisimilla?"

Ya ƙura wa titi ido. Ta gane amsar.

"Kai, amma an yi babban banza," in ji ta a hankali. Wannan ce doguwar magana ta farko da ta taɓa yi masa.

Sai kukan ya taso. Daga ƙasa, tsakanin ƙafafunsa. Kukan yaro ƙarami wanda ya gaji da kuka, yana ja yana shessheƙa.

"Kada ka duba ƙasa," ta raɗa. "Madubi ma kada ka duba."

Ya duba madubi.

A bayan boksin, inda ya bar jarka da tsohuwar taya, wata mace ce a durƙushe, ta manna fuska a gilashi. Toka ce fal a jikinta. Doguwa ce har ta lanƙwasa wuya don ta leƙo. Ba shi take kallo ba. Ƙasan sitiyari take kallo, inda kukan ke fitowa.

Sitiyari ya fara ja dama.

Ya riƙe. Ya ja hagu. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sitiyarin ya sake ja dama, wajen kogi, kamar akwai wasu hannuwa a kan nasa.

Hajja Kubra ta sunkuya, ta yi bisimilla, ta tuttule butarta a kan totur da ƙafar surukinta gaba ɗaya. Ruwan ya yi cuu, ya tashi tururi. Kukan ya tsaya na numfashi ɗaya. Ya dawo da ƙarfi.

"Bai isa ba," ta ce. "Ɗanta ka ƙona. Kogi take so ta kai shi."

"Inna, in muka shiga kogi a wannan gudun..."

"In ka hana ta, a jikin babbar mota za ta ajiye mu. Sake mata."

"Inna, ban iya ruwa ba."

"Da ka iya bisimilla ai da ba a zo nan ba. Sake!"

Fitilun wata tirela suka ɓullo a gaba, biyu, suna girma. Sitiyari na karkarwa a hannunsa.

Ya saki.

Boksi ta bar kwalta, ta faɗa wata 'yar hanyar masunta. Kansa ya bugi rufi. Ƙaya tana karce gefe, ƙiii. Wata akuya ta yi tsalle. Ya ga ragar kifi a shanye, ya ga jirgin kwale-kwale a kife, ya ga ruwa, jajir da sauran hasken rana.

Suka afka.

Laka ta kama tayoyi, ƙirjinsa ya daki sitiyari. Ruwa ya shigo ta ramukan ƙasan motar, waɗanda ya shekara yana cewa zai kai a like. Ya rufe idon sawu. Ya rufe totur.

Cuuuuu.

Kukan ya yi ƙasa. Ya koma ajiyar zuciya. Ya ɗauke.

Totur ya ɗago da kansa, ya bugi tafin ƙafarsa, tak. Inji ya mutu.

Shiru. Sai kwaɗi.

Sannan motar ta fara zamewa gaba, sannu a hankali, hancinta na nutsewa. Ruwa ya kai gwiwa. Hajja Kubra ta zura hannu ta taga ta ja mariƙin waje. Ruwa ya danne ƙofar, ta ƙi.

Ruwa ya kai ƙugu.

Gwadabe ya haye ta kan surukarsa, yana "gafara Inna, gafara Inna," ya fice ta tagarta da ka. Ƙafarsa ta sami laka, ruwa iya ƙirji. Ya kamo ta ta hammata ya jawo. Mayafi ya maƙale a ƙofa, ta kwance ta bar shi. Ya goya ta, yana taku ɗaya yana nutsewa, yana taku ɗaya yana salati.

A bayansu wani abu ya sauka daga boksin ya shiga ruwa. Bai yi fantsama ba.

Bai waiga ba. Wannan karon ya ji magana.

A rumfar wani masunci mai suna Jatau suka kwana, su biyu suna rawar sanyi a tsakiyar bazara. Gari na wayewa Hajja Kubra ta hana Gwadabe fita. Ta aiki Jatau bakin ruwa, ta ce ya dubo mata laka, ya ƙirgo sawun da suka fito daga kogi ban da na surukinta. Ta zauna tana jan carbi, ba ta ko taɓa shayin da aka kawo ba.

Jatau ya dawo fuskarsa wani iri. Ya ce sawu biyu ne, sun nufi arewa wajen matoyar bulo. Ɗaya dogo, ya kai kamu guda. Ɗaya ɗan mitsitsi, yana jan ƙafar dama.

"Alhamdu lillahi, ya rayu," in ji tsohuwa, ta jawo kofin shayi. "Da sawu ɗaya ka gano, da yanzu muna neman mai wankan gawa."

Da aka jawo boksin da tarakta, bakanike ya kwance totur tun daga feda har inji. Waya lafiya, sifirin lafiya. Ya ce ma a duk motar, nan ne kaɗai wurin da ba shi da matsala.

Gwadabe yana nan a Alsahafa, yana tsaron wani shagon kayan gini. Ba ya tuƙi. Likitoci uku sun ɗauki hoton ƙafarsa, a Khartoum da Omdurman, kowa ya ce ƙashi ƙalau, jijiya ƙalau. Amma tun daga ranar, in ka hango shi zai tafi masallaci, za ka ga yana jan ƙafar dama.