Baƙon da Ya Ƙi Cin Gurasar Hagnon

"Kai baƙo, wai iska kake ci?"

Filinna ta dire akushin a gabansa har 'ya'yan zaitun biyu suka yi tsalle suka gangara ƙasa. Ya ɗago ya yi mata murmushin nan nasa mai hana ta ƙarasa faɗa, sannan ya koma ɗaure tsirkiyar molonsa na ƙoƙon kunkuru.

"Na gode, 'yar masu gida. A ƙoshe nake."

"A ƙoshe da me? Kwana tara fa!"

Kwana tara ke nan da ya sauko daga jirgin masunta a tsibirin Serifos, ya tsaya a ƙofar mahaifinta Hagnon. Mawaƙi ne mai yawo da labaran alloli da jaruman da. An ba shi ruwan wanka da man shafawa, an kawo abinci. Ba a tambayar baƙo sunansa ko garinsu sai ya ci gurasar gida, kuma da zarar ya ci ya shiga hannun ubangijin baƙi, babu mai taɓa shi ya kwana lafiya. To wannan taliki ya ƙi ci. Da yamma ya rera musu yaƙe-yaƙe har tsofaffi su share hawaye, da safe ya hau dutse ya cika ciki da ɓauren daji.

Ita kuwa Filinna ba ta iya zama da tambaya a ciki. Tun tana ƙarama haka take, har bakin tunkiya ta taɓa buɗewa don ta ƙirga haƙora. Da niyyar tona asirinsa ta fara bin sa. Ta gano tabon mashi a kafaɗarsa, ta gano ba ya iya waƙar mutuwar saurayi sai muryarsa ta karye. Ba ta san ranar da binciken ya koma so ba. Ta dai wayi gari in ba ta ji muryarsa ba, saƙarta ba ta gaba.

Ta zauna a bakin rijiya tana ƙare masa kallo.

"Faɗa min gaskiya. Ko kana cikin allolin nan masu ɓad da kama? An ce su ba sa cin gurasa."

Ya tuntsire da dariya. "Abin bauta da tsinkakken takalmi?"

"To sunanka kawai. Ni ba Baba ba ce, dokar ba ta hau kaina ba."

"Ta hau kan duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan."

"Ai a tsakar gida muke, ina rufin?"

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ajiye molon a hankali.

"Filinna... ranar da na zo, na ji mahaifinki ya dafa murhu yana rantsuwa a kan mutanen Kitnos."

Nan take ta gane rantsuwar da yake nufi. Shekara biyu da suka wuce yayanta Timarkos ya tafi yaƙi da tsibirin Kitnos, ko gawarsa ba a samo ba. Wanda ba a rufe shi da ƙasa ba kuwa ba ya ƙetare kogin matattu, sai dai ya yi ta gararamba a bakin gaɓa. Wannan ke cin ran Hagnon. Kullum safiya yana rantsuwa cewa muddin ɗansa na yashe a rana, duk ɗan Kitnos da ya faɗo hannunsa sai ya bar wa tsuntsaye namansa.

"Sunana Simalos," ya ce. "Ni ɗan Kitnos ne."

"Wayyo ni..."

"In na ci gurasarsa, na ɗaure tsoho da amanar wanda bai sani ba. Ya kashe ni, ya taka dokar baƙo. Ya bar ni, ya karya rantsuwa. Ba zan yi masa haka a ɓoye ba."

"To me ya kawo ka gidan mutuwarka?"

"Saƙo. Sai dai wa zai bar ɗan Kitnos ya kai ƙarshen magana? Kullum nakan ce gobe." Ya sunkuyar da kai. "Kuma kowace gobe ƙarin kwana ɗaya ce na ganinki, hasken idona."

Ta so ta tsane shi, ta nemi tsanar ko'ina a zuciyarta ba ta samu ba. Abin da ba su sani ba, Lukon ɗan kawunta na tsaye bayan tulunan mai. Shekara uku yana neman aurenta, ko kuwa a ce yana neman gonar zaitun da za ta zo da ita, kuma tun zuwan baƙon ko kallo bai ishe ta ba.

Washegari da hantsi aka yanka wa ubangijin teku rago, maza suka cika tsakar gida. Ana cikin rabon nama Lukon ya miƙe riƙe da mashi.

"Kawu, ka san wa kake ba wa shimfiɗa? Ɗan Kitnos ne! Da kunnena na ji yana faɗa wa 'yarka, har da kiranta hasken idonsa."

Duk ido ya koma kan Simalos. Hagnon ya tashi ya fuskance shi.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, dattijo. Amma ka bari in..."

"Ba ya cikin amanarka, Kawu!" Lukon ya katse shi. "Ko loma ɗaya bai ci ba. Jininsa ba zai hau kan kowa ba."

Ya ɗaga mashin. Filinna ba ta tsaya tunani ba. Ta wawuri gurasa daga gaban mahaifinta, ta ratsa maza da gudu, ta cusa wa Simalos a baki har da yatsunta.

"Haɗiye!"

Ya zaro ido.

"Na ce haɗiye, Simalos!"

Ya haɗiye da ƙyar yana tari. Ta juyo tana haki.

"Ya ci! Kowa ya gani. To Lukon, soke shi mu ga ƙarshenka."

Mashin ya sauko da kansa. Hagnon ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Kin kashe ni, 'yar nan. Kin sa ni tsakanin rantsuwata da fushin alloli, saboda wanda danginsa suka bar yayanki wa karnuka!"

"Ba a bar shi ba," in ji Simalos. "Ni na rufe shi."

Ya ɗauki molonsa, domin ta nan kaɗai maganar za ta iya fita. Ya rera yadda Timarkos ya tare bakin jirgi shi kaɗai har 'yan uwansa suka samu suka shiga. Ya rera yadda aka watse aka bar su biyu, shi da Timarkos, a kan yashi, ɗaya da mashi a kafaɗa, ɗaya da rauni a ciki, suka raba ruwan salka guda. Da ran Timarkos ya fita, shi ya tona ƙasa da guntun garkuwa, ya jera duwatsu, ya kafa itacen tuƙa jirgi a kai, ya kira sunan mamacin sau uku.

"Kowane mawaƙi ya iya shirya wannan," in ji Lukon.

Simalos ya tsayar da kiɗan. "Ya ba ni saƙo, dattijo. Ya ce a gaya wa Baba shi ne ya bar garke a buɗe ranar da kerkeci ya cinye jar akuya. Filinna ta sha dukan a banza."

Filinna ta toshe baki, dariya da kuka suka zo mata tare. Hagnon kuwa ya zube a kan kujera yana kuka a gaban maza, babu wanda ya ga laifinsa.

"Ya ƙetare... ɗana ya ƙetare." Ya daɗe kafin ya share fuska. "Rantsuwata ta faɗi tun shekara biyu ban sani ba. Lukon, fita min daga gida. Kai kuma matso, ka ci abinci kamar mutum."

Bayan an gama tsinkar inabi aka ɗaura auren. Dangi sun yi gunaguni, Hagnon ya ce duk mai magana ya fara nuna masa kabarin da ya taɓa tona wa maƙiyinsa.

Kwana bakwai da biki su uku suka ƙetara zuwa Kitnos. Itacen tuƙin na nan a tsaye, rana ta mai da shi fari. Filinna ta zuba madara da zuma a kan duwatsun, hannunta cikin na Simalos. Tsohon ya durƙusa ya dafa su ɗaya bayan ɗaya.

"Timarkos, ni ne. Na yi latti." Ya ja numfashi. "Ga ƙanwarka, ga kuma wanda ya rufe ka. Mijinta ne yanzu."