Kyamarar da Ta Cinye Leshin Amarya

Gwaggo Mairo ce ta buɗe akwatin ƙarshe na kayan lefe a tsakar gidan yayanta, Baba Ilisha, can Makarfi. Ta zura hannu ta lalube shi kaf, ta ɗago kai. Duk dangi an san bakinta ba shi da linzami.

"To ina leshin? Da me amaryar za ta shiga coci?"

Matan da suka kawo kayan daga Likoro suka yi tsuru-tsuru. Da ƙyar babbarsu ta ce, "Ango Philemon ya ce a yi haƙuri, zai cika daga baya."

"Daga baya? Ai mun ji labari. Kyamarar bidiyo ya saya da kuɗin, kuma ta hannu, wadda wani ya gaji da ita. Ku kwashe tarkacenku, 'yarmu ba ta yi kwantai ba."

Hephzibah, amaryar, tana ɗaki tana jin komai. Ta cusa fuska cikin filo tana kuka, don ita ce ta jawo masa wannan cin mutuncin, kuma ba ta da halin buɗe baki.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifiyarta, Mama Lucia, ita ke ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu tun Hephzibah tana goye. Yawancin waƙoƙin ita ta tsara su, kuma a kanta kawai suke. Da damina muryarta ta fara dusashewa. Suka je asibiti a Zariya ita da Hephzibah, likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma da wuya muryar ta dawo. A mota Mama Lucia ta damƙe hannun 'yarta.

"Ki yi mini alkawari ba wanda zai ji sai bayan bikinki. Kin san babanki – yau ya ji, gobe ya sayar da raken gonarsa ɗanye, bikin ya watse."

Ta yi alkawari. Sai dai ciki ya kasa riƙewa, ta faɗa wa Philemon, saurayin nata, malamin firamare mai kaɗa fiyano a cocin Likoro. Shi ya kawo shawarar a riƙa ɗaukar gwajin waƙar ranar Alhamis tun murya na nan. Suka gwada da waya, abin ba daɗin ji. Ganga sai ka ce ruwan sama a kan kwano, tulun da mata ke kaɗawa kuwa ko alamarsa babu, muryar Mama ta nutse a ciki.

Sai suka nufi Sabon Garin Zariya, Hephzibah rungume da tulun kiɗa a naɗe cikin zani. Mai shagon da suka shiga, wani Ukasha, ya ciro wata kyamara sabuwa fil.

"Wannan, daga nan za ta hango maka kaza a garin Kudan."

"Malam, kunne nake nema, ba ido ba," in ji Philemon.

Hephzibah ta zauna a benci tana kaɗa tulu tana waƙa, maƙwabtan shago suna leƙe suna dariya, shi kuma yana ɗauka da kowace kyamara yana saurare da iyafis a kunne. Wata da zarar kiɗa ya yi ƙarfi sai ta shaƙe sautin da kanta. Wata kuma tsakin injinta take ɗauka. Can ƙasan kanta suka tono wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi, hotonta dishi-dishi, amma tana da ramin jona makirufo da wurin rage ƙara. A cikinta tulun ya fito da nauyinsa, har numfashin Hephzibah ana ji. Ita ce mafi araha, duk da haka da aka haɗa da makirufo sai da ta lashe kuɗin leshi.

"Saya," in ji Hephzibah. "Leshi yana nan a kasuwa ko baɗi."

To ga inda "saya" ta kai su.

Washegari Baba Ilisha ya sa aka kira Philemon. Ya durƙusa a zaure, ya yi gaisuwa, tsohon ya amsa a daƙile.

"Yaro, wanda ya sayi abin wasa da kuɗin suturar matarsa, gobe kuɗin hatsi zai taɓa. Kana da abin faɗa?"

Philemon ya ce, "Baba, na yi kuskure. A gafarce ni."

"Na gafarta. Amma maganar aure, a ajiye ta."

Abin da ya fi ci wa Hephzibah rai, har Mama Lucia sai da ta sa baki. "Ni ma yaron nan ya ba ni kunya," ta faɗa cikin dusasshiyar muryarta tana tankaɗe.

Hephzibah ta kira shi a waya tana shessheƙa. "Zan faɗa musu, Philemon. Na gaji. Ana zaginka a kan laifina."

"Kin riga kin karya alkawari sau ɗaya saboda ni. In Baba ya ji daga bakinki, da wane ido za ki kalli Mama? Ciwonta ne, ita za ta faɗa. Mu jira."

Jira kuwa ba daɗi. Ta rame, ta daina fita sai coci. Gwaggo Mairo har ta fara kawo zancen wani mai shagon taki a Ikara. Shi kuma Philemon, don ƙarfin hali, duk Alhamis sai ya hau babur ya zo gwajin waƙa, da izinin matar fasto. Mata su yi ta zunɗensa, wasu su ce hoton 'yan mata ya zo ɗauka. Bai taɓa tankawa ba. Ya kafa kyamarar a benci, ya ja makirufo har gaban Mama Lucia, ya koma lungu ya toshe kunne da iyafis. Ita ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa.

Ana cikin haka, wata Alhamis Mama Lucia ta ɗauko wata tsohuwar waƙarta ta godiyar kaka. Tana tsakar baiti muryar ta yanke. Ta sake ja, iska kawai ta fito. Ganga ta tsaya, tulu ya tsaya. Mata suna ta sannu, wata ta ruga ɗebo ruwa, duk sun ɗauka mura ce. Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Mama Lucia ta hango Philemon a lungunsa, hawaye na bin kumatunsa. Ta dubi makirufon da ke gabanta ita kaɗai, ta juya ta dubi 'yarta.

"Kin faɗa masa," ta ce da raɗa.

"Na faɗa, Mama."

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a benci ta rufe fuska da gyale.

Da yammar nan ta gaya wa mijinta komai. Kamar yadda ta yi tsoro, Baba Ilisha ya sayar da raken tun bai gama nuna ba, aka yi aiki. Ta rayu, an gode Allah, amma muryar ta tafi, sai raɗa. Gidan ya yi tsit. Mutumin da ya saba tashi da waƙar matarsa tana shara, sai ga shi yana zaune a ƙofar ɗaki yana jin karan tsintsiya kawai.

Hephzibah ta karɓo kyamarar daga wurin Philemon, wata safiya ta jona ta da ƙaramar lasifika ta ajiye kusa da shi, ta ja da baya. Tulu ya fara, ganga ta bi, sai muryar Mama Lucia ta cika tsakar gida tar, kamar tana tsaye a wurin. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Mama. Baba Ilisha bai ɗago kai ba har waƙa uku suka wuce. Sannan ya goge ido da bakin riga, ya ce a fito masa da babur.

"Yaya, ina za ka?" in ji Gwaggo Mairo, da ta zo dubiya.

"Likoro."

"Kai da kanka? Ai aike ake yi wa yaro."

"Ni na durƙusar da shi a zaure yana neman gafarar laifin da bai yi ba. Ni zan je." Ya ɗora ƙafa ya juyo. "Kuma akwatunan nan su dawo yadda suka tafi. Kada wanda ya ƙara ko ɗankwali."

Da atamfa Hephzibah ta shiga coci ranar aurenta, mahaifiyarta na kaɗa tulu da hannunta, muryarta kuma na fita daga lasifika tana ba da waƙa, mata suna amshi suna kuka.

'Yan mata, kada ku auna mai sonku da nauyin akwati. Ku dubi wanda zai iya shanye zagi don ya rufa wa iyayenku asiri. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin a yanke hukunci, don mai haƙuri ba ya iya kare kansa, sai dai Allah ya kare shi.