Tururin Kangon Bayan Gida

Fatihu ya yi finafinan ban tsoro uku, duk ukun dariya aka yi musu. Aljaninsa zanin gado ne da garin rogo a fuska, irin wanda ya kwaikwayo a waya. A na huɗu ya rantse sai ya kawo abin da ba a taɓa gani ba, alhali duk jarinsa wayar hannu ce da ƙanwarsa Sakinatu.

Wata Laraba, dab da magariba, awaki na komawa turke, ya shigar da ita kangon bayan gidansu, a wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Hayaƙi yake so, ba shi da injinsa, sai ya ce ta kwara tukunyar tafasasshen ruwa a tsohuwar tokar da ke kusurwa. Ta buɗe baki za ta yi bisimilla, ya ɗaga mata hannu, wai za ta ɓata masa sauti.

Tururi ya turnuƙe. Sakinatu ta ƙwalla ƙara, ta zube. Fatihu ya ci gaba da ɗauka, yana murna yau ta iya wasa. Wannan murnar ce har yau bai yafe wa kansa ba.

Kwana tara ba ta gane kowa ba. Da rana ta faɗi sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, a ji kukan jariri daga kangon. Inna Kaltume, mahaifiyarsu, ta yi hayaƙi, ta yi tofi, ta ƙare da zama bakin ƙofa tana kallon 'yarta.

A na goma aka ɗauko Malam Abdulhadi. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya ta tsohuwar mace ta fito daga bakin Sakinatu. Ta ce a tokar nan ta kwantar da ɗanta, suka ƙone shi. Da sun ambaci Allah da ta ɗauke shi.

Malam ya ba ta haƙuri, ya ce ba da sani aka yi ba, ya tambayi abin da zai sa ta fita.

"A nuna mini abin da ya ɗauka," in ji ta.

Fatihu ya kunna wayar. Su tururi kawai suke gani. Ita kuwa ta kai yatsa kan gilashin.

"Ga shi nan. Bai ma farka ba tukuna."

Sau bakwai ta sa aka maimaita mata. Sannan ta ce a ajiye wayar a kangon, ba ta da wani hotonsa. Sakinatu ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Da safe babu wayar. Yarinya ta warke, sai dai hannun da ta riƙe tukunyar da shi bai sake ɗaguwa ba. Samarin gari har yanzu suna tambayar Fatihu yaushe fim zai fito. Shi ne yake ɗebo wa Sakinatu ruwan alwala.