Ciwon da Aka Ce Lalaci Ne

A tsakiyar matakala ta tsaya, baiwar Allah, ƙunshin wanki a ka, hannu dafe da ƙirji, gumi na tsattsafo mata. Ji take kamar an ɗora mata dutse, nauyin na bin kafaɗar hagu har muƙamuƙi. Tun da mijinta ya rasu aka mayar da ita ɗakin can sama, wankin gidan da gugarsa duk suka dawo kanta. Abin takaicin, da ta ɗan zauna sai ciwon ya lafa...

Ƙanwar marigayin, wadda ake kira Rediyo a bayan idonta, ta leƙo.

"Matar yaya, ciwon nan naki akwai wayo. Ya ga aiki ya zo, ya ga kujera ya tafi."

"Wallahi ƙanwata, ba da gangan nake ba..."

Kafin azahar labari ya isa kunnen Inna, surukarta, har da ƙarin gishiri. Tsohuwar da ke kiranta 'yata ta daina amsa gaisuwarta. Wannan ya fi ciwon ƙirjin cin ranta. Ta yi ta kuka a kan sallaya tana cewa, "Ya Allah, kai ka san ban yi ƙarya ba."

Rediyo ce da kanta ta ce a je asibiti a tona asirin maƙaryaciya, ta jawo Inna shaida. Ko zama ba su gama yi ba ta kunna: yadda ciwon ke zuwa a matakala, yadda yake gudu in an huta.

Bayan gwaje-gwaje likita ta dubi Rediyo. "Kin ma fi mai ciwon iya bayani. Hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciyarta ne suka tsuke. In ta yi aikin ƙarfi jinin ba ya isa, in ta huta ya isa." Ta ba da maganin kullum, da ƙwayar sawa ƙarƙashin harshe in ya taso. Ta hana ɗaukar kaya, ta ce in ya ƙi lafawa a garzayo da ita.

Inna ta kamo hannun matar ɗanta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Yafe mini, 'yata."

Ranar aka sauko da ita ɗakin Rediyo na ƙasa, Rediyo ta gaji ɗakin sama da wankin gida.

Washegari ga Rediyo a matakala, ƙunshi a ka, tana haki kamar ta yi tsere.

"Zauna ki huta, ƙanwata," in ji matar yaya a hankali. "Ni na yarda kin gaji."