Sulusin Gidan Funtuwa

"Kwano ɗaya kullum," in ji Na'ibi. "Amma ban da yaji. Mutumin ba ya iya ci."

"Abincin da ba yaji ai na majinyaci ne," wata murya ta amsa daga bayan labule. "Wane ne shi?"

A unguwar Waziriyya ta Jidda aka yi wannan, a shekarar 2006, a ƙofar gidan Kawu Lado mai sayar da abinci. Na'ibi ɗan Funtuwa ne, yana aiki a kamfanin da ke kai wa jirage ruwan sha da kayan masarufi a tashar Jidda. Ya yi mata bayani cewa akwai jirgin da mai shi ya gudu ya bari, an kwashe ma'aikatan sai wani tsohon injiniya, Algis, mutumin wata ƙasa da ake kira Lituwaniya. Watansa bakwai a ciki shi kaɗai, ba izinin sauka.

Labulen ya ɗan motsa. Ido biyu Na'ibi ya gani, sai ya manta sauran maganar.

"Zan dafa, kuma ba na son kuɗi," ta ce. "Amma duk abin da ya ba ka labari, ka kawo mini. Halas?"

"Halas."

Mastura ke nan, 'yar autar Kawu Lado. A Jidda aka haife ta, shekararta ashirin da biyu, ba ta da iƙama, wato izinin zama, ba ta da takardar kowace ƙasa. Tana jin warin teku in iska ta juyo, amma ba ta taɓa ganinsa ba. Uwarta ta rasu. Uban kan fita da tukwane bayan asuba, sai magariba. Tsakanin nan daga ita sai murhu sai wata tsohuwar waya.

Shi ma Na'ibin, duk da su takwas ne a ɗaki a unguwar Khumra, ba shi da abokin hira. Na zauna irin ɗakin nan: kowa ya dawo, bango yake fuskanta.

Algis kuwa littafi guda gare shi, na marigayiyar matarsa, malamar tarihi. In ya cinye shinkafa sai ya buɗe, ya yi ta bayani da guntun Turancinsa, Na'ibi na kamawa da nasa guntun. Da la'asar saƙo ya iso Waziriyya.

"Yau ya ce sau uku kakanninsa suka rubuta dokokinsu a littafi: 1529, 1566, 1588. Har hukuncin wanda ya ɓata bishiyar da zuma ke ciki akwai."

Ta amsa: "Ya salam! Zuma ma tana da takarda, ni ba ni da ita."

Wata rana ya rubuto: "Ya ce maƙwabta sun cinye ƙasarsu, sunanta ya fita daga taswira, amma aka ci gaba da shari'a da littafin nan shekara arba'in da biyar kafin sarkin Rasha ya soke shi. Shi ya sa har yau suke ji da shi. Da ya faɗa sai da ya share ido."

"Miskin. Gobe zan ƙara masa nama. Kai fa, ka ci abinci?"

"Ban ci ba, 'yar Waziriyya. Jira nake ki tambaya."

Daga nan labarin Lituwaniya ya riƙa gajercewa, sauran zancen na tsawo. Ita ta koma "hasken Khumra", shi ya koma "ɗan aikena". Wata huɗu ana haka, Na'ibi ya sa farar riga ya durƙusa gaban Kawu Lado.

"Ba na ƙin ka," in ji tsohon. "Amma ba zan ba baƙo ba. Na ba wani yayarta Zubaidatu. Aka kama su, aka mayar da su Nijeriya. Bai shekara ba ya rasu, 'yan'uwansa suka ce gidan na gandu ne. Yarinyar da ko Hausa ba ta cika iyawa ba, yanzu a zauren wasu take kwana. Kai ma ranar da kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ya gaji da kai, ina za ka ajiye mini wannan?"

"Kawu, ku yi haƙuri, ni..."

"Tashi. Abdulghaffar ya riga ka. Haifaffen nan ne, yana da shago, yana da mota."

Washegari Na'ibi ya kai kwano jirgi fuska ba walwala. Algis ya matsa masa har ya faɗa. Tsohon ya jawo littafin, ya laluba, ya ɗora yatsa.

"A dokarmu ta da, uban da ke da hankali ba ya sakin 'yarsa sai ango ya rubuta mata haƙƙinta a kan sulusin ƙasarsa, gaban shaidu. In ya mutu, ba mai korar ta haka kawai. Kana da ƙasa?"

"Gidan da na gada."

"To me kake yi a jirgina?"

Na'ibi ya roƙi kafilinsa hutu, ya damƙa wa direban kamfanin aikin kai kwano, ya tafi Funtuwa. Bai gaya wa Mastura ba, don bai san ko 'yan'uwansa za su yarda su sa hannu ba. A nan ya yi wauta, domin layinsa ba ya aiki a Nijeriya, kuma Abdulghaffar bai yi nauyin baki ba.

"An gan shi a filin jirgi da jaka," ya gaya wa Kawu Lado da ƙarfi, yadda za a ji a bayan labule. "Haka suke, wallah. Ba sallama."

Mastura ta aika: "Ɗan aikena, kana ina?" Shiru. Bayan kwana biyar: "Ko a'a ce, ka faɗa." Shiru. Na ƙarshe ta ce: "Ba zan daina dafa wa tsohon ba. Shi bai yi mini komai ba."

Kwana ashirin da uku tana zuba shinkafa ba yaji, kwano na dawowa ba labari. Uban ya sa Juma'a mai zuwa a matsayin ranar da zai ba Abdulghaffar amsa.

Ranar Laraba Na'ibi ya yi sallama, ya rame, riƙe da takarda a leda. Kawu Lado ba ya karatu, sai aka kira Malam Abdulghani, limamin unguwa. Ya karanta a hankali: Na'ibi ya ba Mastura Lado kyautar sulusin gidansa na Funtuwa, ɗaki biyu da rijiya, gaban alƙali, da sa hannun yayyensa biyu.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Kawu.

"Tsohon jirgi."

"Dokar Nasara za ka kawo mini gida?"

Liman ya yi dariya. "Lado, mutum da ransa ya yi kyauta da abinsa, ina haramun? Ai mu ma muna da ita, rubutawar ce ba mu yi."

"In na hana ka fa?"

"Nata ne, Kawu. Ko kun ba ni, ko ba ku ba ni ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon hatimin. Can sai hannu ya fito daga bayan labule.

"Yaba, miƙo mini in gani," in ji Mastura ga ubanta. "Sunana ne. Da hatimi. Ban taɓa gani ba." Sai ta ɗaga murya: "Kai kuma, kwana ashirin da uku ba labari! Sai ka biya."

"Zan biya, hasken Khumra. Har ƙarshen raina."

"A gabana?" in ji Kawu Lado, yana share ido da gefen rawani. "Yalla, Malam, a sa rana."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a ta mako na uku. Algis bai samu sauka ba, sai aka kai masa shinkafar biki, da yajinta, ya cinye yana hawaye yana dariya. Washegari Na'ibi ya kai amaryarsa bakin teku, ta tsaya ta yi ta kallo.

To, wa ya ci, wa ya faɗi? Abdulghaffar ya rasa mata, amma yana da mota. Na'ibi ya rasa sulusin gida ya samu mai tambayarsa ko ya ci abinci. Mastura ta samu miji da takarda. Algis, da aka sayar da jirgin, ya koma gidan da ba kowa, ya bar musu littafin da ba mai iya karantawa a cikinsu. Wanda ya fi kowa asara Kawu Lado ne, don yanzu shi kaɗai yake cin tuwon magariba. Amma ya ce mini tun tafiyar Zubaidatu bai yi barci mai daɗi irin na yanzu ba.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma kai kowane baƙo inda ake jiransa.