Makirufo a Wuyan Rigar Baba

"Ina sautin?"

Darakta ce ke tambaya, ta kasa zama. Sau uku tana mayar da fim ɗin baya a kwamfuta. Kujerar Baba babu kowa, layin sauti a miƙe ɗoɗar har minti goma sha ɗaya.

Mai ɗaukar sauti ya sauke abin kunnensa zuwa wuya. Shekara biyu suna aiki su biyu kacal, ita da kyamara, shi da makirufo, suna haɗa fim kan tsofaffin masu ɗaukar hoto, Babanta na cikinsu. Wata shida ke nan da ya nemi aurenta, Baba ya ce a'a, bai faɗi dalili ba.

"Kashewa na yi, Darakta."

"Kar ka ce min Darakta yanzu."

"To, masoyiya..."

"Shi ma bar shi."

Jiya bayan hirar, Baba ya shige ɗakin Mama da ƙaramin makirufon maƙale a wuyan rigarsa. Mantawa ya yi.

"Maganarmu suka yi, ko?"

"Sunana na ji, sai na danna."

"Kullum ɗan kawuna yana zuga Baba a kanka. Dama ɗaya muka samu mu ji me yake kitsawa, ka kashe ta da yatsa!"

"A kujera ya yarda mu ɗauke shi. Bai ce mu bi shi ɗakin matarsa ba."

Ta kai taga ta dawo, ta ɗauki jaka ta ajiye.

Sai sallama. Baba ne. Ya dire makirufon a kan tebur.

"Sai da na zo cire riga na gan shi. Me ka ji, yaro?"

"Sunana kawai, Baba."

Ta juya wa Baba kwamfutar. Ya sa tabarau, ya bi miƙaƙƙen layin sautin da yatsa har ƙarshe.

"A zamaninmu fim tsada gare shi, sai ka yi tunani kafin ka danna. Ku katin kyamara ba ya cika muku, komai kwasa kuke. Ce mini aka yi kai har sirrin gidajen mutane kake tarawa."

"Baba... me ka ce wa Mama?"

"Ba ruwanki."

Ya miƙe, ya dubi saurayin sama da ƙasa.

"Ka turo manyanka ranar Asabar. Kafin a fara magana sai na caje wuyan rigar kowa."