Tayar da Na Binne a Kogi

A rana ta tara da fitowarmu, ana saura kamar rabin awa rana ta faɗi, motarmu ta kafe a tsakiyar wani busasshen kogi.

Mu uku ne a cikinta. Ni bakanike ne, ina da gareji, kuma shekara biyu na yi ina haɗa tsohuwar jif ɗin nan da hannuna. Sai Yayana, malamin makaranta mai ritaya, wanda ya yi shekara talatin yana zana wa yara giwa a allo bai taɓa ganin ta ido da ido ba. Na ukunmu ma'aikacin gandun dajin da muka shiga ne, wanda aka haɗa mu da shi a ƙofa, wani siririn dattijo mai bindiga da rediyon oba-oba, muna ce masa Baba. Tafiya ta yi daɗi, ba ƙarya. Mun ga giwaye har Yaya ya yi hawaye, ya ce wai abu ne ya faɗa masa a ido. Mun ga raƙuman dawa da gwanki, da wani gwaggon biri da ya zuro hannu ta taga ya ɗauke mana burodi, Yaya ya rantse kamarsa ɗaya da ni ina yaro.

Da motar ta kafe na ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyi a banza har cikin motar ya zauna daram a kan yashi. Yaya ya leƙo ta taga yana murmushi.

"To, Injiniya," haka yake ce min in yana jin tsokana, "yau ga ranarka."

Baba bai yi dariya ba. Ya karkata kai yana sauraron wani abu daga saman gaɓa.

"Akwai ɓakane a can," in ji shi. "Bari in duba inda suka dosa. Kada ku yi nisa da mota."

Ya saɓa bindiga ya haura, ciyawa ta rufe shi.

A gaban motar akwai winci, injin da ke naɗe igiyar ƙarfe ya ja mota in ta kafe. Sai dai yana buƙatar abin da za a ɗaura igiyar a jiki, ga shi babu bishiyar da za ta kai. Ban damu ba. Duk wanda ya san tafiyar daji ya san dabarar: ka haƙa rami, ka ɗaura igiyar a safayar taya, ka binne ta, mota ta ja kanta zuwa wurin. Ina da girman kai a kan sana'ata, wannan ba na musu. So nake kafin Baba ya dawo ya tarar da mota a kan tudu.

Kogin duk a tattake yake. Sawun giwa, sawun ɓauna, na barewa, na zabi, ga kashi ko'ina. Wuri ɗaya ne kawai, can gabanmu kamar taku ashirin da biyar, yashin ya kwanta sumul kamar an share tsakar gida. Faɗinsa bai wuce ɗaki ba. Ni abin da idona ya gani shi ne ƙasa mai ƙarfi wadda za ta riƙe taya. Ban tambayi kaina me ya hana ko zabuwa ta taka wurin ba.

Na gangaro da taya, na jawo igiya, na fara haƙa.

Yashin sama da zafinsa. Da na kai gwiwa sai ya koma sanyi ƙalau, yana tashi da ƙaurin gashi da ƙarni irin na mahauta. Shebur ya bugi ƙarfe. Na tona da hannu, sai ga wilin mota, ya yi tsatsa. Kusa da shi akwai wani, da ƙugiya, da guntun igiya irin tawa.

Wallahi dariya na yi. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ka gani? Wasu ma nan suka binne tasu!"

Bai faɗo min a rai ba cewa babu matafiyin da ke barin safayarsa a daji. Kowa tonowa yake yi in ya gama.

"Sannu da aiki."

A hankali aka faɗa, dab da kunnena.

"Yawwa, Yaya," na ce ban ɗago ba.

"Me ka ce?" ya amsa daga nesa.

Na ɗago. Yana can jikin mota da kyamara a hannu. Tsigar jikina ta tashi, amma na ce gajiya ce. Na ɗaura igiya a tayar, na jefa ta rami, na mayar da ƙasa, na tattake da ƙafa, na koma da sauri fiye da yadda na zo.

Na ba Yaya tabarmar ƙafa ta mota, na ce ya ɗora a kan igiyar, don ko ta tsinke nauyin ya danne ta, sannan ya ja baya. Na shiga na danna maɓalli. Winci ya yi gurnani, igiya ta miƙe, mota ta girgiza ta fito daga ramin da ta yi wa kanta. Yaya ya tafa min.

Na ɗaga yatsa daga maɓalli. Winci ya yi shiru.

Mota ba ta tsaya ba.

Na taka birki. Na ja birkin hannu. Tayoyi huɗu suka ƙame, amma tana tafiya, tana huɗar yashi. Ja ɗaya, a tsaya. Ja ɗaya, a tsaya.

Tsuntsaye duk sun yi tsit.

Baba ya faso ciyawa a guje, ban san tsoho na iya gudu haka ba.

"Wa ya haƙa wurin nan? Innalillahi! Saki igiyar! Sake ta!"

Na dira na murɗa makullin winci. Igiya ta fara warwarewa da ƙara, tana hayaƙi. Ta zo ƙarshe. Ƙusar da ke riƙe da ita ta fizge, tau, kamar harbin bindiga.

Bakin igiyar ya yi bulala a iska, ya watsar da tabarmar, ya fasa fitila ɗaya. Sannan ya sauka a kan Yaya. Ya naɗe ƙwaurinsa na hagu, zagaye biyu.

Na ji ƙashi ya karye tun kafin in ji ihunsa.

Aka fizge shi ya faɗi ta baya. Aka fara jan sa.

Na faɗa kansa, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa, na kafa dugadugaina a yashi. Aka ja mu tare. Silin ƙarfen sun nutse a naman, jini na tsartuwa a fuskata, mai ɗumi.

Na dubi inda na binne tayar. Yashin na hawa yana sauka, yana numfashi. Hannuwa biyu sun fito daga ciki har gwiwa, baƙaƙe, dogaye, yatsun da gaɓoɓi sun fi ƙima. Suna karɓar igiyar ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jan guga a rijiya.

Baba ya yi harbi sau biyu. Yashi ya tashi. Hannuwan ko gezau.

Saura taku goma.

Ya jefar da bindiga, ya ciro gatarin da ke ɗaure a jikin mota, ya sari igiyar. Wuta ta yi tartsatsi. Ya sake sara. Bakin gatarin ne ya ɓantare.

Taku bakwai.

Ya durƙusa kusa da ni, yana haki, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Igiyar ba za ta yanku ba, ɗana. Abin da ya kama ya kama. Hannuna ba ƙarfi. Ni zan riƙe shi."

Ya miƙo min gatarin.

"A'a, Baba. A'a."

Taku biyar. Ƙarnin ya cika min baki.

Yaya ya daina ihu. Ya ɗago ido ya dube ni ta sama, leɓɓansa sun yi fari. Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta, wanda ya saya min sifana ta farko.

"Ƙanina," ya ce. "Sare."

Muka yi musanya da Baba. Na miƙe tsaye.

Sara na farko ya goce, ya tsaga nama kawai. Ihun da ya yi har yau yana kunnena.

Na biyu ya sami ƙashi.

Taku biyu.

Na uku na rufe ido na sauke da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Baba da Yaya suka faɗi baya. Igiya ta zarce da ƙafar, da takalminta, da safa. Hannu ɗaya ya cafe ta. Yashi ya rufe.

Na cire bel ɗina na ɗaure cinyar, na murɗa da ƙotar sifana har jinin ya rage. Muka cicciɓe shi zuwa kujerar baya. Na sa ribas, hannuna na zamewa a sitiyari saboda jini. Fitilar da ta rage ta haska gaɓa. Ɓakane ne jere, sun fi hamsin, tsaye, ba mai motsi. Mu suke kallo.

Ina juya kan mota, muryar ta sake zuwa, cikin ladabi, dab da kunnena.

"Sauran fa?"

Baba ma ya ji. Ya fara karanto addu'a da ƙarfi, yana kiran abokan aikinsa ta oba-oba. Ban ɗaga ƙafa daga totur ba sai da muka hango fitilunsu.

Yaya ya rayu. Wata biyu ya yi a asibiti. Ko sau ɗaya bai ce min laifina ne ba, kuma wannan ya fi min ciwo a kan a ce ya zage ni. Har tsokanar ya ci gaba da yi, wai duk cikin aikina wannan ne kaɗai na gama a kan lokaci.

Likitoci sun ce ba sabon abu ba ne wanda aka yanke wa ƙafa ya riƙa jin ta. Su ba sa gidan in rana ta kusa faɗuwa. Ba su ga yadda dungulmin ke miƙewa da kansa ya nuna kusurwar da kogin yake ba, ko ina aka juya kujerarsa. Ba su ga layukan da ƙafafun kujerar suka zana a siminti ba.

Yanzu ƙarfe biyar nake rufe gareji, ko motar wa ke kan jak. In je gidansa, matarsa ta matsa min. In zauna a ƙasa bayansa, in kafa ƙafafuna a bango, in zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa. Mu yi ta hira a haka, ta yara, ta garin, har ya yi shiru a tsakiyar magana.

Sai ya damƙe hannuna.

"Riƙe ni da kyau, ƙanina," ya ce. "An fara."